Ƙarya Uku da Auta Ta Shuka

Tun da Auta ta buɗe shago wayarta ke kife a kan teburin yanka, amma kifewar ba ta hana ta ƙugi ba. Duk motsin da ta yi sai gaban Auta ya faɗi, ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Hannun rigar da take haɗawa kuwa ta ɗinke shi a baibai, ta warware, ta sake ɗinke shi a baibai, ita da mata ke tsallake teloli su zo wurinta.

Wanda bai sani ba sai ya ce soyayya ce ke ɗawainiya da ita. To, soyayyar tana nan, sai dai wani ya shigo tsakiyarta ya yi zaman dirshan.

Watanni ke nan da wani shafi marar fuska ya ɓullo, ya kira kansa Idon Unguwa. Da farko a ƙarƙashin hotunan ɗinkinta yake ajiye magana, wai ba aikinta ba ne, sato hotunan take yi. Ta yi dariya ta toshe shi. Washegari ya dawo da sabon shafi, sunan bai canza ba.

Daga nan ya saki ɗinki ya kama mai ɗinkin. Ya ɗauko hotonta ya liƙa kusa da motar wani da ba ta taɓa gani ba, ya rubuta a tambayi telar nan wa ya kama mata shago. Mutanen da ko hanya ba ta taɓa haɗa su da ita ba suka yi caa a kanta, wannan ya yi zagi, wancan ya yi wa'azi, wata ta ce ai daga ganin idonta ka san za ta aikata. Mutum in ya samu data da rashin aikin yi, ba abin da ba zai rantse ya gani ba.

Duk wannan ta shanye. Abin da ya karya ta shi ne ranar da shafin ya fito da zancen ciwon faɗuwa da ta yi tana ƙarama, ciwon da ya bar ta tun kafin ta gama firamare. A duniya, bayan mahaifiyarta da kawunta, mutum uku ne suka san wannan magana: ƙawarta mai kwalliya da ke shagon gefe, da ɗan gwaggonta da ake kira Manaja, sai Dogo, wanda take so ta aura.

Wayar ta sake ƙugi. Wannan karon Umma ce, ta ce ta rufe shago ta zo gida, Kawu na jira.

Ta same su a falo, Kawu a kan doguwar kujera ya cire tabarau yana gogewa, Umma a ƙasa ta haɗa tagumi. Manaja ma yana nan, ya ci guga kamar kullum, ya cika ɗakin da turare. A banki yake aiki, kuma tun yana ƙaramin ma'aikaci ya yarda a kira shi Manaja, bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ta durƙusa ta gaishe su. Kawu bai ja zance ba.

"Mahaifin yaron nan ya kira ni. Ya ce zuwan da za su yi neman aurenki a ɗan saurara, suna so su yi bincike."

"Bincike a kan me, Kawu?"

"Ni kike tambaya? Abin da ke cikin wayar kowa a unguwar nan. Yau mai wankin motata ya tare ni yana min jaje, kamar an yi mana mutuwa."

"Wallahi ƙarya ake min, Kawu. Ko ɗaya babu gaskiya a ciki."

"Na sani. Ni na sani, uwarki ta sani. Amma wa zai bi gari gida-gida yana rantsuwa? Tun farko na ce ki bar sa fuskarki a waya, kika ce can kasuwarki take. To ga kasuwar nan ta ci."

Umma ta share ido da bakin mayafi. "Auta, ki rufe shafin nan mu huta. Jikina ba zai ɗauka ba."

"Umma, in na rufe ai na yarda ke nan na yi abin da aka ce."

Manaja ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin ba da bashi. "Kawu, ni dai matsayina bai canza ba. Ko me za a rubuta a kan ƙanwata, ni na san wace ce ita. Na waje ne ke bincike, na gida ba ya bukata."

Kawu ya gyaɗa kai yana kallonta. "Kin ji dai. Ba zan miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma in mutanen can suka janye, ba zan zauna ina kallon ana wasa da sunan gidan nan ba alhali ga mai so a gida."

Auta ta ɗago ta dubi Manaja, sai ta ga murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa a gefen baki. Nan take zuciyarta ta ce shi ne. Wa zai ci ribar wannan abu in ba shi ba? Ta ji tsanarsa ta taso mata, ta danne, ta yi musu sallama.

A hanyar komawa shago dabarar ta zo mata. Tunda mutum uku ne, kowa za ta ba shi labarinsa daban, ta zuba ido ta ga wanda zai fito a shafin.

Ta fara leƙa ƙawarta, ta same ta tana gyara wa wata gira. Ta ja ta gefe ta raɗa mata cewa gobe za ta je ganin wani sabon shago, tana so ta tashi daga layin nan, amma kar kowa ya ji. Ƙawar ta riƙe baki, ta rantse ba mai ji.

Manaja kuwa kiransa ta yi, ta sassauta murya har sai da ta ji kunyar kanta. Ta ce gobe wani babban mutum zai aiko mota a ɗauke ta, za ta auna matarsa a gida, tana neman shawara ko ta je. Ya ce ta bari ya yi tunani, muryarsa har rawa take don daɗin an nemi shawararsa.

Saura Dogo. Ta daɗe da waya a hannu. Kunya ce ta kama ta, don a ganinta sa shi cikin gwajin ma cin amana ne. Mutumin da in ta kira tana kuka yake barin injin buga takardu yana aiki ya fito waje ya lallashe ta, shi za ta ɗana wa tarko? Amma ta yi wa kanta alkawarin uku, sai ta cika.

Da yake ta tabbata ba shi ba ne, sai ta ba shi ƙaryar da ta fi kowace muni, wadda ba za ta yarda ta faɗa wa sauran biyun ba ko da wasa. Ta rubuta masa cewa jirin nan na da ya fara dawo mata, gobe za ta je ganin likita, kar ya faɗa wa kowa.

Bai jima ba ya amsa. Ya ce subhanallahi, ya ce zai raka ta, ya ce ta kwanta ta huta. Ta karanta tana hawaye, tana ce wa kanta ba ta kyauta masa ba.

Washegari ta kasa karyawa. Ta share shagon da ta riga ta share, ta jera zare launi-launi, ta wargaza ta sake jerawa. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. Addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa zancen motar babban mutum ne zai fito, ta kwashi wayar ta kai wa Kawu a gaban Manaja.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Idon Unguwa ya yi magana.

"Ciwon telarku ya dawo. Yau tana hanyar asibiti a ɓoye. Masu shirin kai kuɗin aure, ku tanadi na magani."

Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa. Ta zauna a ƙasa cikin ƙyallayen yadi. Ƙaryar da ta ƙirƙira da hannunta ce ake yaɗawa, mutane har sun fara tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Ba wannan ne ya fi ci mata rai ba, sanin inda maganar ta fito ne.

Ta rubuta masa kalma kaɗan: ya zo shago yanzu.

Ya iso yana haki, yatsunsa duk tawada, sai da ya sunkuya kafin ya shigo kamar yadda ya saba. Shi da yayarsa ke riƙe da shagon buga takardu da katunan gayyata a bakin titi. Yayar ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun ranar da aka kai mata Auta ta gaishe ta ba ta ɓoye ba, ta ce ita ba ta ga matar aure a mai tallan fuska a waya ba.

"Jikin ne? Tashi mu tafi, na taho da mota."

"Lafiyata ƙalau. Zauna."

Ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya ɗago ya dube ta.

"Ba ni da wani jiri, Dogo. Ƙarya na yi maka. Na yi wa ƙawata wata, na yi wa Manaja wata, kai na yi maka wannan. Taka ce ta fito."

"Gwada ni kika yi?"

"Na gwada ka ina kuka, ina neman gafarar Allah don na zarge ka. Ka faɗa min, wa ka gaya wa?"

"Wallahi tallahi ban buɗe baki na gaya wa kowa ba."

"To kai ne ke nan."

"Haba, Auta. Ni? Ni da nake jin zagin nan kamar a jikina ake yi?"

Hawaye suka ɓalle mata. "To wa? Aljani ne ya karanta? Ka dube ni, Dogo. Na daina barci, na daina fita, mata sun fara karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Umma ta rame a tsaye. In na ji an yi dariya a bayana sai in ɗauka da ni ake. Duk wannan na daure saboda ina cewa ina da kai. Ka faɗa min wa ke taɓa wayarka."

"Babu. Ga ta nan, kullum tana aljihuna."

Ya ciro ta ya ajiye a kan teburin yanka, kusa da almakashi. Auta ta zuba wa wayar ido, sai wani abu ya faɗo mata. A shagonsu masu kawo aiki ta lambarsa suke turo hotuna da rubutu, a kwamfutar shago ake buɗewa a buga. Ita kanta haka ta tura masa tambarin da ake liƙa wa rigunanta.

"Hirarrakin wayarka suna fitowa a kwamfutar shago?"

Ya kama goge tawadar yatsunsa a jikin wando.

"Da kai nake."

"Saboda aiki ne. Tun da muka buɗe shagon haka muke yi."

"Duka suke fitowa? Har nawa?"

"Ba a ware su."

"Wa ke zama a gaban kwamfutar?"

Ya kawar da kai ya dubi madubin gwaji. "Yaya ce. Amma Auta, ki tsaya, Yaya ba za ta..."

Auta ba ta ma saurare shi ba. Duk abin da ta taɓa rubuta masa ya dawo mata, shagwaɓar da ta yi, da sirrin gidansu, da sunayen da take kiransa waɗanda ko a gaban madubi ba za ta iya maimaitawa ba. Ashe duk wannan zaman su uku suke hira. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta.

Ta ɗauki wayarta ta buɗe hirarsu.

"Me za ki yi?"

"Gaisuwa zan yi."

Ta rubuta: "Yaya, ina kwana. Auta ce. Na san ke ce ke karantawa."

Wayarsa ta yi haske a kan tebur. Ya kai hannu, ta dafe ta da tafinta.

"Bar ta. Ɗora hannunka a gwiwa inda zan gan shi."

Ya ɗora. Ba a jima ba alamar an karanta ta fito. Sai kuma a ƙarƙashin sunan Dogo, da hotonsa yana murmushi, aka nuna ana rubutu, alhali ga shi zaune a gabanta hannu biyu a gwiwa. Rubutun ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Auta ta ji kamar numfashinta ake ja da zare.

Saƙon ya shigo.

"Lafiya lau. Ashe kina da kai. Amma kafin ki zo min da kuka, tambayi na gabanki tun yaushe ya sani."

Ta juya masa fuskar wayar. Ya karanta, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba.

"Tun yaushe?"

"Auta..."

"Tun yaushe, Dogo?"

"Tun kafin a liƙa hotonki da motar nan." Ya murza goshi. "Na dawo daga kai aiki na tarar ta fita sallah, shafin a buɗe. Wallahi ranar har ƙasa na durƙusa mata. Ta yi kuka, ta ce tsoro take ji kar a raba ta da ni, ta rantse ta daina."

"Ta daina?"

"Ta yi shiru kwana biyu, ta dawo. Na sake roƙonta. Na ce in aka ɗaura aure dole ta haƙura, komai zai wuce."

"Ranar da aka fito da ciwona na kira ka, na yi kuka har muryata ta dushe. Ka tuna abin da ka ce min? Ka ce Allah zai tona asirin mai yi. Kana faɗa kana kallonta, ko ka fito waje?"

Hawaye suka gangaro masa. "Na fito waje."

"Kuma ka bar ni ina ta rubuta maka a lambar nan. Kullum. Jiya ma da na ce ba ni da lafiya, ka san tana gani."

"Ban san yadda zan ce ki daina ba tare da kin tambaye ni dalili ba. In na cire daga kwamfuta kuma ta ce na zaɓe ki a kanta. Ita ta goya ni, Auta. Ta bar makaranta saboda ni, ta ƙi aure sai da na tsaya da ƙafata. In Baba ya ji wannan magana zai iya tsine mata. Ta yaya zan yi sanadin haka?"

"Ni kuma wa ya haife ni? Daga sama na faɗo?"

"Ina sonki. Wallahi ban taɓa son kowa kamarki ba."

"Na yarda, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da Manaja ne, da yanzu ina dariya."

Ta tashi ta je bakin taga ta dawo, ta rasa inda za ta sa kanta a ɗan shagon. Tana sonsa har yanzu, wannan ne abin haushin. Ganinsa a takure yana kuka da tawada a yatsu ya sa tausayinsa na neman rinjayarta, ta yi maza ta danne.

"Abu ɗaya ya rage. Yau ɗin nan mu je wurin Babanka, ni da kai da Kawu, ka karanta masa saƙon nan da bakinka. Ban ce a tsine wa kowa ba. Ni da kaina zan roƙe shi ya yafe mata. Amma binciken da yake yi a kaina, ya san a ɗakinsa amsar take."

"Ki ba ni lokaci in lallaɓa ta. Za ta goge shafin, na miki alkawari. Sai mu ce wa Baba an gano wani ɗan iska ne daga nesa."

"Sunana fa? Shi ma ɗan iskan ne zai wanke min?"

Kafin ya amsa wayarsa ta ɗauki ruri a kan tebur, tana zagaya kanta kusa da almakashi. Su duka suka ga sunan da ya fito: Yaya.

Auta ta ɗauke hannunta daga kan teburin, ta ja da baya.

"Ɗauka a nan, a gabana. Ka sa yadda zan ji. Ka gaya mata da yamma muna wurin Baba."

Ya dubi wayar, ya dube ta. Kiran ya katse, ya sake shigowa. Ta riƙe gefen keke da ƙarfi tana roƙon Allah a zuci, ko sau ɗaya ne ya tsaya mata.

Ya miƙe ya ɗauki wayar. Ya ce, "Minti ɗaya, don Allah," ya sunkuya ya fita waje.

Ta ji shi a bakin baranda ya rage murya, irin yadda yaro ke yi in ya yi laifi.

"Na'am, Yaya. A'a, ki kwantar da hankalinki, ina zuwa."

Auta ta tura ƙofar a hankali ta murza makulli. Ya ƙwanƙwasa, ya kira sunanta, ya sake ƙwanƙwasawa. Tana tsaye a bayan ƙofar hawaye na zuba, ta nemo lambar Kawu ta danna kira.